Na takarda ko na waya: wane littafin soyayya ya dace da 'yar shekara sha biyar?

Yarinyar da ta kai aji uku na ƙaramar sakandare, matuƙar tana iya haɗa baƙi, sai ta karanta labarin soyayya, ko a gabanki ko a bayan idonki. Iyayenmu sun gwada hanawa. Sun ƙwace, sun yaga, wasu sun cinna wa wuta a tsakar gida, amma littafin bai fasa shiga makarantar kwana a ƙasan akwati ba, a naɗe cikin zanen gado. Don haka maganar a bari ko a hana ba ita ce a gabana ba. Abin da ya rage wa uwa, ko yaya, ko gwaggon da 'yar ɗan'uwanta ta zo mata dogon hutu, shi ne zaɓi: littafin takarda na kasuwa za a sayo mata, ko za a bar ta da na waya, waɗanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da sauran manhajoji?

A nan ba kowane labarin soyayya nake nufi ba. Wanda nake nema wa yarinyar shi ne mara nauyi: akwai dariya, akwai ƙawaye, akwai makaranta da faɗan 'yan aji da shirin bikin yayar wata, soyayyar cikinsa kuma ba ta wuce satar kallo da faɗuwar gaba da tsokanar da ƙawaye ke yi wa mutum har ya rufe fuska. Labarin da za ta gama ta tashi da fara'a, ba wanda za ta kwana tana sharar hawaye ba, balle wanda zai kai ta ɗakin da shekarunta ba su kai ba.

Matsalar ita ce a Hausa ba a ware wa masu waɗannan shekarun kanta tasu ba. Daga littattafan firamare sai na manya. Littafin da matar aure mai 'ya'ya huɗu ke karantawa bayan ta sauke tukunya, shi ne dai 'yar sha huɗu ke lallaɓawa ta ɗauka. Na takarda haka, na waya haka. To ashe zaɓin ba tsakanin mai kyau da mara kyau ba ne. Abin dubawa shi ne a wanne aka fi samun irin labarin da muke nema, kuma a wanne babba zai iya ganin ƙarshen labari kafin yarinya ta fara shi.

Na takarda

Waɗannan su ne littattafan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko. Suna tasowa sai tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya raunana manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa suka shiga rubutawa da kansu suna kai wa ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano a ƙarshen shekarun 1980, littafi ya bi motocin 'yan kasuwa daga Sabon Gari har Maraɗi da Damagaram.

Wannan tarihin yana da nasaba da zaɓinmu. Waɗanda suka fara rubutun nan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya suka rubuta: auren dole, cire yarinya daga makaranta, raba masoya saboda saurayin talaka ne, sakin wulaƙanci. Kuma tun farko ana zarginsu da ɓata tarbiyya, don haka kowane marubuci ya koyi kare kansa da cewa faɗakarwa yake yi. Littafin da aka gina don faɗakarwa da wuya ya zama mara nauyi. Duba yadda mafi yawansu ke tafiya. Littafi na ɗaya: an haɗu a hanyar Islamiyya ko a bikin ƙawa, ana ta raha, ƙanwa ce 'yar aike. Na biyu: iyaye sun ƙi, an yi jinya, an ɗaura aure. Na uku: kishiya, uwar miji, boka, asibiti, nadama. 'Yar sha biyar da ke neman nishaɗi, littafi na ɗaya ne nata. Sauran biyun na innarta ne.

Amma takarda tana da abin da waya ba ta da shi, kuma a wurina shi ya fi komai nauyi: ƙarshenta a hannu yake. Siraran littattafai uku ko huɗu ne, babba zai zauna bayan isha'i ya ƙare su cikin dare ɗaya ko biyu, ya san abin da ke ciki daga bango zuwa bango kafin ya miƙa. Abin da aka buga ya bugu, ba wanda zai zo gobe ya ƙara masa wani shafi. Sannan akwai idon jama'a a kansa. Sunan marubuciya yana jikin bango, mai sayarwa yana da rumfa da kowa ya sani, a Kano kuma tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau da shirinta na gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a. Ni ban ga abin da ƙonawar ta gyara ba, marubutan kirki da yawa ma ta jawo musu baƙin jini a banza. Sai dai duk wannan tsangwamar ta bar abu guda: wanda zai buga littafi da sunansa yana taka-tsantsan da abin da zai sa a ciki. Ana samun masu zarce gona da iri, amma ba su ne suka fi yawa ba.

Sai kuma aro, wanda ba a cika lissafa shi ba in ana wannan muhawara. Littafi ɗaya kan zagaye ɗakin kwana guda. An lulluɓe bangon da tsohuwar kalanda don kada malama ta ga hoton 'yar fim, a shafin farko an rubuta da jan biro cewa duk wadda ta gama ta dawo da shi, a ƙasa wata ta ƙara da cewa ita ce ta gaba. Shafi biyu na tsakiya sun cire daga ƙusar da ta riƙe su, don haka duk wadda ta iso wurin sai ta nemo wadda ta karanta tun yana da rai ta ba ta labarin abin da ya faru, ita kuma ta ƙara gishiri son ranta. Ana musu a bakin famfo kan wa ya fi cancanta da jarumar. Ƙawancen da muke nema wa yarinya a cikin labari, rabinsa a kewayen littafin yake faruwa, da mutanen da ta sani ido da ido. Wadda ke makarantar kwana ma ba ta da wani zaɓin, tunda galibin makarantun sun hana waya. Ku dai tambayi dokar makarantar tukuna, don wasu har littafin suna ƙwacewa.

Inda takarda ta gaza shi ne samuwa da kuma zamani. Takardar bugu daga waje ake shigo da ita, darajar naira ta faɗi, yawancin marubuta masu tasowa sun koma waya gaba ɗaya. Rumfunan da suka rage tsofaffin littattafai suka fi yawa a cikinsu, kuma sau da yawa za ki samu na ɗaya da na uku, na biyu ya ƙare ba a sake bugawa ba. Wanda ke nesa da manyan garuruwa irin su Kano da Zariya da Kaduna da Katsina da Sakkwato sai ya yi saƙo. Duniyar da ke cikinsu ma ta wuce: saurayi na aiko wasiƙa da turare, ana jiran Juma'a a yi zance a zaure. Wata yarinyar hakan zai burge ta. Wata kuwa shafi biyar za ta yi ta ajiye ta ce wannan ai labarin su Umma ne.

Na waya

Gaskiya ɗaya ce: irin labarin da na siffanta a sama, mai raha da ƙawaye, a waya ya fi yawa, kuma a can ya fi daɗi. Dalilin a fili yake. Da yawa daga masu rubuta shi 'yan mata ne da ba su daɗe da barin sakandare ba, wasu suna jami'a ko kwalejin ilimi, har yanzu ƙamshin hostel bai bar jikinsu ba. Kuma ba sa biyan kuɗin takarda, don haka marubuciya za ta iya ɓata shafi goma a kan faɗan 'yan ɗaki saboda gwangwanin madara, abin da mai bugawa da kuɗinta ba za ta taɓa yi ba.

Akwai nau'o'in da suka yi fice. Akwai taƙadiriyar 'yar ƙauye da aka kawo birni gidan kawu, ta hana kowa sakat, ta raina ɗan gidan mai ji da kansa har ya rasa yadda zai yi da ita. Akwai labarin 'yan makarantar kwana, da siniyoyi masu mugunta da ranar ziyara da jiƙa gari da tsakar dare. Sai na babban gida, inda 'ya'yan wa da ƙani da 'ya'yan gwaggo ke zaune katanga ɗaya, wasan taubasai na juyewa ya zama wani abu daban ba tare da kowa ya lura ba. Kusan duk cikinsu akwai kaka, kuma ita ce ke riƙe da dariyar. Ga irin abin da nake nufi, nawa ne na ƙaga don misali:

"Ke 'yar nan, wancan dogon da ke tsaye ƙofar gida tun la'asar, bashi yake bin ubanki?"

"Kai Kaka, yayan ƙawata ne fa, littafi ya kawo mini."

"To wane irin littafi ne ba ya miƙuwa sai an yi magariba? Je ki ce in ji ni ya shigo, in ma miji yake nema wa kansa mata, ga ni nan ban tsufa ba."

Wannan Hausar gida ce, yarinya za ta ji muryar kakarta a ciki. In da a nan labaran suke tsayawa da ban tsawaita ba.

Sai dai a duba yadda ake kera su. Ba a gama littafi sannan a sake shi. Marubuciya tana bugawa a wayarta yau ta tura yau, gobe ta buga na gobe. A ƙarshen kowane shafi tana neman sharhi, wata ma ta ce in ba ta ga sharhi da yawa ba ba za a ga ci gaba ba. Masu sharhin nan kuwa mafi yawansu manya ne, kuma sun san abin da suke so: a yi auren nan haka, a nuna mana yadda za ta mallake shi, kar a rufe mana ƙofa. Marubuciyar da ta fara da niyyar ba da dariya sai ta tsinci kanta tana bin abin da ya fi jawo sharhi. Ga kuma kuɗi. An saba a saki shafukan farko kyauta, a tsaya daidai inda rai ya ɗauku, a ce mai son ci gaba ta tura naira 500 ko 1,000 ta asusun banki, ta turo shaidar biya a saka ta a guruf na waɗanda suka biya. Ban ga laifin marubuciya ta ci guminta ba, ai wahala take yi. Amma kasuwa tana koya wa kowa abin da ke fita da sauri, kuma ba faɗan gwangwanin madara ba ne.

Sakamakon haka, labarin da ya fara a aji uku da dariya yana iya kaiwa ɗakin amarya a shafi na sittin, da bayanin da ko matar aure sai ta waiga ta ga ko wani na kallonta. Uwar da ta duba shafuka goma na farko ta ce babu komai ba sakaci ta yi ba: lokacin da ta duba, shafi na sittin ba a rubuta shi ba tukuna, ita kanta marubuciyar ba lallai ta san nan za ta ba. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin kala biyun, kuma duk sauran bambance-bambance a bayansa suke. Wasu marubutan suna rubutawa a sama cewa littafin na matan aure ne, budurwa ta karanta ita da Allah. Niyyar mai kyau ce, amma duk wanda ya taɓa zama ɗan sha biyar ya san me irin wannan gargaɗin ke haifarwa. Ga tallan kayan mata da ake cusawa tsakanin shafi da shafi, har a labaran da su kansu ba su da wani aibu.

Tsawo ma matsala ne. Tunda kullum sai an saki wani abu, labarin da ya kamata ya ƙare a shafi arba'in sai a yi ta ƙara masa ruwa kamar furar da baƙi suka yi wa yawa: a sace jarumar, a manta da ita a asibitin Indiya, tsohuwar budurwa ta dawo daga Dubai. Rahar farko ta tsinke, ƙawayen da aka fara da su an neme su an rasa.

Ba duk wuraren karatu na waya ne ɗaya ba, kuma ya kamata a bambance. Guruf na WhatsApp shi ne mafi hatsari ga yarinya, ba don labarin kaɗai ba. Guruf ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024, lambar kowa a bayyane take ga kowa, kuma ba duk mai hoton fure da sunan mace ne mace ba. Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, ta fi shi dama: ba a ganin lambar waya, dokarta ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe asusu ba, kuma ana iya ganin ko labari ya kammala ko ana kan rubuta shi. Akwai alamar da ke nuna labari na manya ne, amma marubuciya ce ke saka ta da hannunta, in ta ga dama ta ƙi. Manhajojin sayar da littafi irin su ArewaBooks sun fi tsari, kuɗi kuma yana isa ga mai shi. Sai dai a tuna OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023. Abin da aka saya a manhaja yana nan ne muddin manhajar tana nan.

Ina ƙawar take?

Tunda soyayya da ƙawance muke nema tare, ga wani ma'auni da ban cika jin ana amfani da shi ba. Ku bar jaruma da jarumi, ku dubi ƙawarta. A littattafan takarda da yawa aikin ƙawa biyu ne: ko ta zama mai hure kunne da za ta raka jaruma wurin boka, ko ta zama maciya amana da za ta aure saurayin. Darasin da ake son a ɗauka shi ne kada ki yarda da ƙawa, ki riƙe sirrinki. Akwai gaskiya a ciki, amma yarinyar da ta karanta irin wannan sau ashirin za ta fara yi wa aminiyarta ta aji kallon kishiya tun kafin a san wa zai auri wa.

Na waya sun fi kyautata wa ƙawa, musamman na makarantar kwana. Za ki ga 'yan mata uku ko huɗu, kowace da halinta: mai tsoro, mai baki, ustaziya, mai ci. Suna faɗa suna shiryawa, suna rufa wa juna asiri a gaban malama, ɗaya ta rasa kuɗin jarrabawa sauran su haɗa mata. Inda suke faɗuwa shi ne da zarar jarumi ya bayyana, sai ƙawayen su koma 'yan amshi, ba su da sauran zance sai nasa. Labarin da ya dace da yarinya shi ne wanda ƙawar ke da damuwarta da burinta, kuma har shafin ƙarshe tana nan. A duba jarumin ma. Miskilin attajirin nan mai tsawa da fizgar hannu, wanda ake nuna wulaƙancinsa a matsayin alamar so, ya cika labaran waya fiye da na takarda, kuma ni na fi jin tsoronsa a kan shafin da ya yi bayanin ɗaki. Batsa yarinya ta san batsa ce. Wannan kuwa a rigar soyayya yake zuwa mata.

Hausar, kuɗin, barcin

Wajen rubutu takarda ta yi gaba, duk da ita ma ba tsarkakakkiya ba ce, tana cike da kalmomin da aka haɗe inda ya kamata a raba. Amma ba ta kai waya ba, inda za ki ga "xan" a madadin zan, "qawa" a madadin ƙawa, "ngd" da "wlh", babu lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ, rabin zancen jarumi kuma Turanci ne don a nuna ya yi karatu a waje. Yarinyar da za ta zauna Hausa a WAEC ko NECO, inda ƙa'idojin rubutu ke da maki, idonta yana haddace abin da ya fi gani. A ɗaya gefen, waya ta buɗe ƙofar da takarda ta daɗe da rufewa: ana jin Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Jos a bakin mutanen labari, kowa da harshen garinsu.

Kuɗi kuwa ya danganta da abin da ke gidan. In akwai babbar waya, rubutu ba ya cin data sosai ko bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Abin da ke cinye datar TikTok ne da ke maƙwabtaka da littafin. In kuwa sai an saya wa yarinya waya don ta yi karatu, to littafin takarda ya fi araha nesa ba kusa ba, ga shi mutum goma za su karanta, ba ya neman caji. Kuma akwai tarin littattafan kuɗi da ake sacewa ana yawo da su kyauta, da "Allah ya isa" ɗin marubuciyar a shafin farko. Kar a saba wa yarinya karanta abin da mai shi ta ce ba ta yafe ba.

Barci: littafin takarda yana ƙarewa, fitila ma tana mutuwa. Na waya sabon shafi yakan sauka da dare, bayansa ga sharhi, bayan sharhi ga wani labarin.

Akwai hanya ta uku, wato sauraro, a rediyo ko YouTube ko abin da masu turi ke zubawa a memori. Na rediyo an tace shi, kuma a tsakar gida ake ji da kowa, don haka ba ni da damuwa da shi. Na YouTube yawanci littattafan waya ne ake karantawa, da duk abin da ke cikinsu, sai dai yanzu a kunne ta abin sauraro inda ba mai ji. Kuma sauraro ba ya koya wa ido rubutu. Labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta gajeru ne kuma an gyara su da kyau, amma galibinsu kan matsalolin rayuwa masu nauyi suke. Sun fi dacewa da yarinyar da ke sha'awar ta yi rubutu da kanta fiye da mai neman dariya. Samari kuwa suna karanta duk waɗannan, ba sa dai so a gani. Abin da na faɗa ya shafe su, musamman maganar miskilin jarumi, don su ne ke koyon zama shi.

To wanne?

Ga 'yar 13 zuwa 15, da duk wadda ke makarantar kwana, takarda zan zaɓa, bayan na karanta da kaina, ko da labarin bai kai na waya ban dariya ba. Zan nemi wanda ya ƙare a ɗaurin aure ko kafin nan. In mai rumfa ya daɗe a sana'ar, a tambaye shi kai tsaye: "Malam, na 'yan makaranta nake so, wanda babu rigimar kishiya." Sun fi kowa sanin kayansu.

Ga 'yar 16 zuwa sama, wadda da ma tana da waya ko tana ɗaukar ta gida, hana ta na waya ɓata baki ne, kuma za a raba ta da labaran da suka fi kama da rayuwarta. Sharaɗi biyu zan kafa. Na farko, kammalalle kawai, ba wanda ake kan rubutawa ba. Na biyu, babu shiga guruf da lambarta. In littafin kuɗi ne, uwa ko yaya ta biya da tata lambar, ta karɓa, ta duba, sannan ta miƙa.

Dubawar ba sai an karanta shafi ɗari biyu ba. A karanta uku na farko don a ji Hausar da irin rahar. A tsallaka tsakiya a ga ko ƙawayen suna nan da ransu. Sannan a nemo inda aka ɗaura aure, wurin bincike na manhajar, in tana da shi, zai kai ki in kin rubuta "amarya" ko "ɗaurin aure", a karanta shafuka biyun da suka biyo baya a tsanake. A nan ake gane marubuciya: wata za ta ja ƙofa ta ce asuba ta gari, wata za ta shiga da mai karatu. In kuma aka ga an ɗaura auren tun labarin bai kai rabi ba, to sauran duk zaman gidan miji ne, a ajiye mata shi zuwa wasu shekaru a nemo wani.